Ba Ciwon Ido Ne Zai Kai Ni Katsina Ba

Sallama gare ku masu bin labarina, na kusa da na nesa. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Turai, tela ce ni a Batsari. Gobe da safe zan shiga mota zuwa Katsina, in zauna gaban wata mata da ban taɓa gani ba, in gaya mata abin da na daɗe ina haɗiyewa. Idan kun ji ana cewa a gari Turai za ta je awon ido, ku yi mini addu'a kawai, amma idona ƙalau yake. Har yanzu ina zura zare a allura ba tare da na matsa bakin taga ba.

Abin da ke damuna babur ne. Na san wasunku za su yi dariya, don a ƙasarmu ko akuya a babur ake kai ta kasuwa. Amma ni da na ji ƙararsa sai gabana ya yanke ya faɗi, hannuna ya ɗauki rawa, numfashina ya tsaya a wuya. In biyu ne ko uku suka wuce tare, sai dai a tsince ni durƙushe a bayan keken ɗinki. Abin ya samo asali tun ranar da masu babura suka shigo mana Wagini da rana tsaka. Ni a cikin rumbu na ɓuya. Yayana kuwa yana gona, kuma bai dawo da ƙafarsa ba. Ba zan rubuta muku sunansa ba tukuna, don bakina ya daɗe yana ƙin furta shi. Ku dai riƙe cewa sunan kakanmu aka sa masa.

Iyayenmu sun rasu tun muna ƙanana, kakarmu Dada Fanta ce ta riƙe mu. Bayan abin ya faru muka tattaro ni da ita muka dawo Batsari, gidan 'yarta, Goggo Zuwairatu. An yi mini rubutu na sha, an yi tofi, an yi hayaƙi, kuma ban raina ko ɗaya ba. Da na je asibiti aka auna jini aka ce lafiya lau, sai wata nas ta kira ni gefe ta ba ni lambar Malama Zinariya, ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa a Katsina. Ta ce aikinta shi ne ka zauna ka yi magana ta saurare ka, ta koya maka yadda za ka lallashi jikinka in tsoro ya taso.

Na kira ta sau ɗaya. Muryarta a kwance, tana tambaya a hankali, har ta zo kan wa na rasa, yaya sunansa. Sai kawai na kashe wayar, rashin kunya tsagwaronta. Can sai ga saƙonta: “Ba komai, Turai. Ki zo ranar Laraba. Ba sai kin faɗi komai ba ranar farko. Ki dai taho da wani abu da ke tuna miki lokacin da hankali yake kwance.”

To, ga inda matsalar take. An sa ranata da Jafaru, bayan an kai amfanin gona gida za a ɗaura. Jafaru yana sayar da taki da maganin feshi a kasuwa, dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma ina sonsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Goggo ta ce in dai gidansu suka ji kalmar ƙwaƙwalwa, to an gama, don su ba su san bambancin mai firgita da mai jifan mutane a titi ba. Kada ku zage ta, Goggo ba muguwa ba ce. Tsoronta ɗaya, kada a ce marainiyar da ke hannunta an fasa aurenta. Ta yarda in je, amma da sharaɗin a ce ciwon ido ne.

Kuma Goggona in ta ɗauki aiki ba ta yin rabi. A gidan suna ta faɗa, a gidan gaisuwa ta faɗa, har mai kawo mana ruwa ya san ɗinki ya cinye idon Turai. Ranar kasuwa ta dawo da tabarau mai hannu ruwan gwal, da takardarsa manne a jikin gilashin, ta ce shi zan sako in na dawo, don kowa ya ga shaida. Na gwada. Ashe na tsofaffi ne masu karatun Alƙur'ani. Ƙasa ta taso mini har ƙirji, na yi taku biyu na yi ƙwallo da buta. Goggo ta ce zan saba.

Shi kansa Jafaru bai tsira daga bakinta ba. Kullum in zai zo zance, tun daga kwanar masallaci yake sauka ya turo babur ɗinsa har ƙofar gida, yana gumi. Goggo ta sa masa suna Sarkin Maƙo. Ta ce mutumin da ke tsimin man da bai kai cikin cokali ba, in na shiga gidansa sai na riƙa ƙirga ashana. Ni dai nakan yi dariya, a raina kuma in gode wa Allah da ya haɗa ni da mai maƙo.

Yau da hantsi ina guga, na shimfiɗa kaya biyu a kan gado ina ta shawara. Ga atamfata mai ganye kore da na ɗinka da sallah, ga doguwar riga ruwan toka. Ban san irin shigar da ake yi ba in za a je faɗin abin da ke cikin zuciya. In na caɓa ado, kar matar ta ce wannan ai lafiyarta lau. In na je a yamutse, kar ta ce abin ya yi nisa. Ina cikin haka waya ta yi ƙara, saƙon Jafaru ne.

“Gimbiya, ina kwana. Hajiya ta ji za ki asibitin ido gobe. Ta ce ita ma kwana biyu hazo-hazo take gani, za ta bi ki ku tafi mota ɗaya. Zan shigo bayan la'asar.”

Hajiya Ma'u ke nan, mahaifiyarsa. Na karanta, na sake karantawa, har na ji ƙaurin atamfa na cire dutsen guga. Da na kai wa Goggo wayar sai ta zauna daɓas a kan turmi tana salati. Amma ba ta daɗe ba ta farfaɗo. Ta ce in kai Hajiya asibitin idon da gaske, in zaunar da ita a layi, in ce zan kewaya, in sulale in je in dawo. Na ce in kuma aka kira ni awo fa? Ta ce to in bari a auna, ai ido ba ya rasa ɗan abin da za a gani. Daga ƙarshe ta dube ni ta sassauta murya, ta ce ko dai in haƙura da tafiyar har bayan biki. In an ɗaura, an ɗaura.

Wallahi na so in ce to. Sai na tuna gidan da zan shiga bakin titi yake.

Na bar ta nan na shiga ɗakin Dada. Ɗakinta shi kaɗai ne a gidan da ke ƙamshin Wagini, man shanu da turaren itace. Ƙoranta da muka tsira da su suna jere a bango, kowace da faifanta. Na same ta ta miƙe ƙafa tana tsintar wake a tire. Ta ji komai, don kunnen Dada ba ya tsufa. Na ce mata matar Katsina ta ce in zo da abin da ke tuna mini kwanciyar hankali, ni kuwa na duba kayana kaf ban ga ko ɗaya ba.

Ta ce in zauna in taya ta tsinta. Sai ta kama labarin Mai Babur.

Haka take kiran kakanmu tun da na buɗe ido. Dada Bafulatana ce ta rugar bayan Zakka, kuma a wurinsu mace ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya mutu. Shi ya sa ko Yayana ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai Mai-suna. Na san labarin guntu-guntu, amma ban taɓa jin ta jero shi kamar yau ba.

Ta ce shekarar da aka samu mulkin kai aka haife ta, ita da ƙasar nan tare suka yi rarrafe. Tana tasowa aka yi farin nan da ya kwashe shanu, samari suka watse birni neman abin yi. Bayan nan sai kuɗin mai suka buɗe. Aka fara yanka titi, aka haƙa burtsatse, aka gina aji ana bin gida-gida ana rubuta yara. Burodi ya iso har Zakka, da madarar gwangwani da sabulu mai ƙamshi. Ta ce a shekarun nan kowa gani yake gobe ta fi yau, har tsofaffi.

Tana tallan nono a kasuwar Safana ta fara ganinsa. Yana aiki da masu titi, ya tara gashi, ga wando fantalo yana sharar ƙasa, ga rediyo rataye a kafaɗa, ga jan babur sabo fil yana walƙiya. Ya saye nonon ƙwaryar duka, shi da bai iya shan ludayi uku ba, ya rarraba wa 'yan dako. Kasuwa ta zagayo ya sake. Dada ta ce ita ko kallonsa ba ta yi ba. Na ce to ya aka yi ta san launin wandon? Ta jefe ni da ƙwayar wake.

Ranar da ya fara zuwa rugarsu da ƙarfinsa ya shigo, yana matsa oda don a san ya iso. Shanun ba su taɓa jin irin wannan ba. Suka tsinke, wani bijimi ya keta shinge ya faɗa gonar geron mutane, ita kanta Dada ta jefar da ƙwarya ta shige bukka. Mahaifinta ya fito da sanda ya ce in ya ƙara ganin wannan ƙarfen a rugarsa, sai ya karya shi ya karya mai shi. Kowa ya ce magana ta mutu.

Bayan 'yan kwanaki tana tatsa, ta ɗaga kai sai ga mutum a tsaye. Ba ta ji zuwansa ba. Ashe tun daga tsamiyar bakin rafi ya kashe babur, ya turo shi cikin yashi, fantalon nan ya cika da ƙarangiya. Haka ya yi ta yi har rani ya fita. Mahaifinta yana zaune yana kallo, har ranar da ya kira 'yan'uwansa ya ce ya ba shi. Ya ce yaron da ya iya rufe bakin ƙarfensa saboda shanun da ba nasa ba, zai iya riƙe mutum.

Da aka kai ta Wagini, ƙarar nan da ta kore ta bukka ita ta zama agogonta. Da la'asar in ta jiyo ta daga nesa sai ta ɗora ruwa. Yara su bi shi a guje har ƙofar gida. Shi ke kai mai naƙuda Batsari, shi ke kawo maganin zazzaɓi, shi ke kawo labarin wanda ya sauka daga Makka. Ya taɓa ɗaukarta har Katsina, ta zauna a karkace ta riƙe ƙarfen baya don kunya, ya saya mata lemon kwalba mai sanyin da ya riƙe mata haƙori. Tana faɗa tana dariya, har na hango yarinyar a fuskarta.

“A lokacinmu, Turai, in kin ji babur, alheri ne ya taho,” in ji ta. “Ku ne aka ɓata wa shi.”

Sanƙarau ne ya ɗauke Mai Babur wata bazara, cikin 'yan kwanaki, Goggo tana goye. Dada ba ta yi kuka ba. Filako ya hana, wato kunyar nan ta Fulani da ba ta barin mutum ya nuna ciwonsa. Mata suka yi ta yaba mata, ana cewa ga mai haƙuri. Babur ya tsaya a zaure har tsatsa ta ci shi aka sayar wa masu gwangwan. Amma ta ce har yau in la'asar ta yi, kunnenta kan tafi bakin hanya da kansa. Ciwon kan nan nata na ɓari ɗaya, da muke ta saya wa magani, tun daga shekarar ya kama ta.

Ta ajiye tiren. Ta sa hannu a wuyanta ta jawo wani zare da na sha gani ina zaton laya ce. Ɗan makullin babur ɗin ne, ya sha hannu har ya yi santsi.

“An yabe ni, ɗiyata. Yabon nan ban ga abin da ya tsinana mani ba. Ni ba wanda ya ba ni kujera ya ce zauna ki faɗa. Ke an ba ki, za ki tsaya sa gilashin ƙarya?”

Ta kama hannuna ta sa makullin a ciki, ta rufe da nata. Sai ta ce, a hankali, kamar mai taka ƙaya:

“Manu. Sunanshi Manu. Da shi da Mai-suna.”

Masu karatu, na girma a cinyar matar nan, ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ni kuwa na buɗe baki, abin ya tokare, na sake buɗewa, sai ya fito. Na ce Yaya Manu. Na faɗa na ƙara faɗa, na kifa kai a cinyarta na yi kukan da ban yi ba a Wagini. Ga shi yau har na rubuta muku.

Da muka natsa, ta face hanci da gefen zane, tsokanarta ta dawo. Ta ce angon nan namu, na taɓa jin kukan babur ɗinsa kuwa? Tun da ya fara zuwa gidan nan, ko sau ɗaya.

“Goggonki ta ce maƙo ne,” in ji Dada. “Ni kau na san turin nan.”

Bayan la'asar na yi wanka na sa doguwar rigar ruwan toka, don atamfar ta riga ta ƙone a gefe. Na zizara kwalli don ya rufe jan ido, na yafa mayafi. Goggo ta biyo ni har tsakar gida ta cusa mini tabarau a hannu, ta ce in riƙa ɗan mutsuka ido a gabansa. Na leƙa ta ƙofar zaure. Ga shi can ya taho daga kwanar masallaci, farar shadda, hula a karkace, yana turo babur yana kauce wa kwata. Sau nawa na ga wannan ina dariya. Yau sai da na dafa bango.

Muka gaisa, ya tambayi Dada, ya tambayi Goggo, ya tambayi ɗinki, na tambayi Hajiya da kasuwa. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran wurin ɓuya. Ya ce yaya idon?

Na ce, “Idona lafiya lau. Wurin likitar ƙwaƙwalwa za ni. Tun abin da ya faru da Yaya Manu, in na ji babur ba na sanin inda nake. In za ka fasa, gara ka fasa da saninka.”

Ya juya makullin babur ɗinsa a hannu. Sai ya ce ya sani. Tun kafin ya fara zuwa gidanmu, ya kawo mini ɗinkin ƙanwarsa a shago, 'yan acaɓa suka wuce a jere, ya ga almakashi ya faɗi, ya ga inda na shige. Ya koma waje ya tsaya har na fito, don kada in san ya gani.

Na ce to me ya hana shi magana duk tsawon lokacin nan?

“Ba nawa ba ne in faɗa,” ya ce. “Jira nike ki yarda da ni.”

Na rasa inda zan sa idona. Sai ya gyara zama ya ce amma ba zai yi mini ƙarya ba, Hajiya ba ta sani ba, kuma bai san yadda za ta ɗauka ba. Mace ce mai gudun abin da za a ce. Zai iya hana ta tafiyar, ya ce mota ta cika. Zai iya kuma gaya mata yau da kansa. Ya ce in zaɓa.

Na ji makullin Dada a ƙirjina, ƙarƙashin riga. Na ce kada ya hana ta, kada kuma ya faɗa mata. Ni zan faɗa da bakina. Na miƙa masa tabarau ɗin na ce ya kai mata, ita zai yi wa amfani. Daga bayan ƙyaure na ji an ja numfashi an yi salati ƙasa-ƙasa, na san Goggo ba ta yi nisa ba.

Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, abin da ban saba ba. Ya kama babur zai fara turi. Na ce in ya kai kwanar masallaci ya tayar, ina nan tsaye. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya tura har can, ya waiwayo, sannan ya taka. Ƙarar ta zo ta dake ni a ƙirji. Na damƙe makullin nan na tsaya har ta ɓace. Ban warke ba, kada ku ce na ce. Amma ban durƙusa ba.

Na ninke kayana, na sa katin asibiti a jaka. Goggo ba ta yi mini magana ba tun ɗazu, sai dai na ga ta kulle mini dambu a leda ta ajiye kusa da jakar. Gobe ni da Hajiya Ma'u a kujera ɗaya, tun daga tashar Batsari har Katsina. Ban san wadda za ta sauko daga motar nan ba, surukata ko mahaifiyar Jafaru kawai.